Daga Bashe zuwa Hilux: wa ke biyan yoyon mai a Maraɗi?



Duk wanda ke bi ta tashoshin motocin ƙauye ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ya san baƙin tabon nan da mota ke bari bisa yashi in ta tashi. Ka tambayi direba, sai ya ce maka: "Gumi ne kurum take yi." To gumin nan ya sha raba abokai.

A damanar da ta wuce munka shiga sasanta wani maƙwabcinmu da dillalin da ya saida mai mota. Hilux ce sabuwa dal, ƴar Dubai, ko ledar kujera ba a ɓare ba. Sati biyu da sayenta ya kai ta gareji. Anka ƙara mata lam biyu kowane gefe, wato ƙarafan nan na ƙasa masu ɗaukar nauyi da ƴan Kano ke ce wa sifirin. Anka sa manyan tayu, da tanki na biyu, da keji na ƙarfe a baya. Wata na huɗu sai mai ya fara ɗiga. Mai mota ya ce: "Da garanti na saye ta." Dillali ya ce: "Motar da na saida maka ba ita ce wagga ba." Kafin mu faɗi yadda anka ƙare, bari mu koma baya mu ga inda rigimar ta samo asali.

Zamanin gyaɗa, mota kayan kamfani ce. Gidajen ciniki na Turawa irin su CFAO da SCOA su ke sayen gyaɗa a Maraɗi, su ne kuma ke shigo da mota ƙasar. Daga 1962 SONARA ta karɓi cinikin gyaɗa. Wanda duk ya sayi mota a lokacin ya san ƙofar da zai buga in ta samu matsala. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, Alhazan Maraɗi sunka juya ga fataucin kaya da Najeriya, labarin da Emmanuel Grégoire ya tattara a littafinsa na 1986 kan Alhazan birnin. Da juyawar ciniki, hanyar sayen mota ma ta juya kudu.

A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna. Bashe, Peugeot 404 mai rumfar tamfol, daga baya kuma 504, ita ta zama jakin ƙauyukanmu. Ƴan Najeriya na ce mata akori-kura. Ita ke kwaso kayan lambu daga gulbi, ita ke kai gero kasuwa, ita ke ɗaukar amarya da jerenta. A kan Bashe munka koyi ƙara lam, don motar da anka ƙera wa kayan kusan tan guda mu kan ɗora mata ninki, da mutane bisa. Injinta ba shi da wuyar sha'ani, kayan gyaranta na Katsina da Kano, kuma ba wanda ke zancen takarda. In ta yi yoyo, a yanka kwali mai kauri a yi mata jwan, a ci gaba da tafiya.

Toyota kuwa yaƙi ne ya yi mata talla. Hilux ta fito tun 1968, Land Cruiser 70 a 1984, amma a Janairun 1987 ne duniya ta ji labarin yadda sojan Cadi cikin motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya sunka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada, sannan a Wadi Dum cikin Maris. Har yau "Yaƙin Toyota" ake ce masa. A nan gida kuma, kat-kat ɗin furoje da na gwamnati ne munka fara gani suna ratsa yashin Dakwaro ba tare da an sauka turi ba. In furoje ya ƙare a yi gwanjonsu, su faɗo hannun ƴan kasuwa, garantinsu ya ƙare tuntuni.

Sai Janairun 1994, anka karya darajar sefa da rabi. Faran guda na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawanmu, kasuwar tsofaffin motocin Turai ta tashar Kotonu ta bunƙasa. Ayarinsu kan biyo Malanbil da Gaya, wasu su tsaya Maraɗi, wasu su wuce Ɗan Isa zuwa Jibiya. Garantin ƴar Kotonu kowa ya san shi: tada inji, ji kukansa, leƙa ƙasa, ka biya. Abin da ya rage shi ne lamunin dillali, irin wanda iyayenmu sunka sani a kasuwar dabbobi, inda dillali ke tsaya wa saniya cewa ba ta sata ba ce. Kusan shekara 20 muna ciniki a haka.

Zinariyar Jado da ta bayyana a Afrilun 2014 ta sake canza lissafi. Samarinmu da yawa sunka tafi arewa ta Agadas, kuma hanyar Tenere ba ta tsohuwar mota ba ce. Anka koma neman sabbi, daga Libiya da Dubai, ana yi masu shirin hamada: ɗaga ƙasa, ƙarin tanki, wurin jarkoki. Ko da anka rufe Jado a 2017, salon ya riga ya zauna. Yau mai kai zogalen Jiratawa kasuwa ma yana son tasa ta ɗaga kamar mai zuwa Dirku.

Nan ne tsohuwar al'ada ta ci karo da sabuwar takarda. Garantin da aka saba ba sabuwar mota irin wagga shekara 3 ne ko kilomita 100.000, wanda ya riga cika. Amma yana da sharuɗɗa. Ana son a yi bidanji, wato juyen baƙin mai, kan lokaci a garejin da kamfani ya yarda da shi, a buga hatimi cikin karne. Wakilin Toyota na ƙasarmu, CFAO, a Yamai yake, sama da kilomita 600 daga nan. Kuma garanti na bin yankin da anka saida mota ne, don haka karnen ƙasashen Larabawa ba lalle ya yi aiki a Nijar ba. Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi cizonmu: ɓarnar da ta samo asali daga gyaran da mai mota ya ƙara, ko daga lodin da ya wuce ƙa'ida, ba ta cikin lamuni.

Kuma gaskiya ƙarin na da hannu a yoyo. In an ɗaga mota, kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayun baya, takan karkace fiye da yadda anka tsara, ta riƙa cin robar da ke tare mai, wadda makanikai ke kira jwan sipi. Manyan tayu da lodi na sa pon, tukunyar giyar da ke tsakanin tayun baya, ya yi zafi. Bisa pon akwai ɗan ƙaramin hanci na fitar da iska. In ƙura ko laka ta toshe shi, iskar da ta kumbura sai ta turo mai ta wurin roba. Mafi haɗari shi ne in man ya bi ta gefen taya ya jiƙa birki. Wannan kam ya wuce zancen kuɗi, rayukan mutanen da ke saman kaya ne.

Maƙwabcinmu dai ba shi da ƙofar kamfani da zai buga, sai ta dillali. Munka kai su wurin wani tsohon makanike da ya fara aiki tun zamanin 404. Bai saurari kowa ba sai da ya sa yara sunka wanke ƙasan motar tas, anka zagaya da ita har Tibiri anka dawo, sannan ya shiga ƙarƙashi da tocila. Yoyo biyu ya gano. Na farko a bakin pon, inda kardan ke shiga, ga hancin iska a toshe. Na biyu can saman inji, a jwan ɗin murfi, wurin da lam da taya ba su da abin yi. Ya ce: "Na ƙasa naka ne, Alhaji, kai ka ɗaga ta. Na bisa da shi ta zo." Dillali ya biya na bisa, mai mota ya biya na ƙasa, anka yi musabaha. Abin da ya ba mu mamaki, hukuncin tsohon nan da bai taɓa karanta karne ba kusan shi ne abin da takardun garanti ke faɗi.

Don haka ƴan uwa, kafin ku biya, ku tambayi ƙasar da karnen ke aiki. In lamunin dillali ne, a rubuta shi gaban shaidu: wata nawa, kuma me ya ƙunsa, inji ko bwat ko pon. Ku ɗauki hoton ƙasan mota kafin a ƙara mata komi, ku aje rasit na kowane bidanji. In kun ga ɗigo, ku shimfiɗa kwali ƙarƙashinta da dare, da safe za ku ga daga ina yake da launinsa: man inji na gazuwal baƙi ne, na pon ya fi kauri da wari. Kada a yarda a shafe wurin da gam kafin wanda ya saida motar ya gani da idonsa.

Allah ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, ya sa albarka cikin nema. Amin.