Me Ya Sa Aka Ƙone Hus, Luta Kuwa Ya Tsira?

Yau za mu tafi Turai mu dubi mutum biyu. Na fari shi ne Yohanna Hus, firist a birnin Prag na ƙasar Bohimiya. Ya yi wa'azi da harshen mutanensa, ya ce Almasihu ne kan ikkilisiya, ya kuma tsawata wa masu sayar da takardun gafara. Aka ƙone shi da rai a garin Konstans ran 6 ga Yuli, 1415. Na biyu Martin Luta, Bajamushe. Bayan shekara ɗari da 'yan kai ya faɗi irin maganar Hus, har ya wuce ta, amma ya mutu a kan gado a 1546, yana da shekara 62. Dukansu biyu jarumai ne. To me ya bambanta ƙarshensu?

Kafin mu amsa, sai mun san irin ikon da Paparoma yake da shi a zamanin dā. Yana da ƙasa tasa a tsakiyar Italiya tun 756, amma sojansa ba su kai na manyan sarakuna ba. Makaminsa horo ne. Mu ma mun san horo: dattawa sukan hana mutum cin jibin Ubangiji har ya tuba. To ku yi tunanin lokacin da ikkilisiya ɗaya ce tak a duk yammacin Turai, ba wata a gefen hanya da mutum zai koma in ya yi fushi. In aka fitar da sarki daga ikkilisiya, Paparoma yakan ce rantsuwar biyayya da hakimai suka yi masa ta warware.

Haka ya faru da Henri na Huɗu, sarkin Jamus. Sun yi jayayya da Paparoma Girigori na Bakwai a kan wanda zai naɗa bishof-bishof. A 1076 Girigori ya fitar da shi, hakimansa kuwa suka fara shirin tuɓe shi. A watan Janairu 1077 Henri ya haye duwatsu cikin sanyi, ya tsaya kwana uku a ƙofar Kanosa cikin tufafin masu tuba kafin a buɗe masa. A Ingila abin ya fi haka taɓa talakawa. Sarki Yohanna ya ƙi karɓar babban bishof da Paparoma Inosent na Uku ya naɗa, sai a 1208 aka sa ƙasar gaba ɗaya cikin horo. Shekara shida ba sujada a fili, ƙararrawa ta yi shiru, gawa ma ba a binne ta a maƙabartar ikkilisiya. Baftismar jarirai da sauraron tuban masu bakin mutuwa kaɗai aka bari. A 1213 Yohanna ya durƙusa, ya miƙa Ingila ga Paparoma, ya yarda zai riƙa biyan gaisuwa kowace shekara.

Amma ku lura da wani abu. Horo yana cizo ne muddin hakimai da jama'a suna tsoronsa. Sarkin Faransa, Filibus na Huɗu, bai ji tsoro ba. A 1303 mutanensa suka kama Paparoma Bonifes na Takwas a gidansa. Daga 1309 zuwa 1377 Paparoma yana zaune a Abinyon, kusa da hannun Faransa. Daga 1378 aka sami Paparoma biyu suna la'antar juna, daga baya ma suka zama uku. Taron Konstans da ya hukunta Hus, an kira shi ne domin a ɗinke wannan ɓaraka.

Ikkilisiya ba ta ƙone mutum da hannunta. Takan yanke hukunci, ta miƙa shi ga masu mulki. A nan ne Hus ya rasa mai tsaya masa. Sarkin Bohimiya, wanda a dā yake goyon bayansa, ya janye a 1412, gama yana da rabo cikin kuɗin takardun gafara. Sarki Sigismund, wanda ya ba shi takardar alkawarin kāriya, ya fi damuwa da taron ya yi nasara, ya bari aka kulle shi.

Yanzu ga Luta. A 1517 ya rubuta batutuwa 95 a kan takardun gafara, waɗanda ake sayarwa domin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wani sashi na kuɗin kuma yana tafiya ne wurin biyan bashin babban bishof na Mainz. Luta talakan Firedirik ne, hakimin Saksoni, ɗaya daga cikin mutum bakwai masu zaɓen babban sarkin Jamus. A daidai lokacin nan sarautar tana shirin faɗuwa, Paparoma Liyo na Goma kuwa ba ya so Karl na Sifen ya hau. Yana bukatar ƙuri'ar Firedirik, don haka bai matsa a kawo Luta Roma ba. Kafin a fitar da shi daga ikkilisiya a Janairu 1521, injin buga littattafai, wanda babu shi a zamanin Hus, ya riga ya watsa rubuce-rubucensa ko'ina.

Karl ya ci zaɓe duk da haka, ya kira Luta zuwa Worms a Afrilu 1521. Luta ya ƙi janye maganarsa. Aka zartar da doka kada kowa ya ba shi abinci ko masauki. A hanyar komawa mahayan Firedirik suka yi kamar sun sace shi, suka ɓoye shi wata goma a Wartburg, inda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Shi Firedirik ɗin mai tara kayan tsarkaka ne na dā, kuma bai taɓa zama ya yi doguwar hira da Luta ba. Abin da ya ƙi shi ne baƙi su yi wa malamin jami'arsa shari'a. Karl kuma hannunsa a cike yake da yaƙin Faransa da na Turkawa, waɗanda suka kai har ƙofar Biyana a 1529. A shekarar nan ce, a taron Speyer, hakimai shida da birane 14 suka ƙi amincewa da dokar hana sabuwar koyarwa. Daga wannan ƙin amincewa sunan Furotesta ya fito. Sunan ma, kun gani, a majalisar masu mulki aka haife shi.

Ga abin da ba mu cika faɗa ba a ranar tunawa da Gyara. Ikon da ya suɓuce daga hannun Paparoma, a hannun sarakuna ya sauka. Waɗansunsu sun ba da gaskiya da zuciya ɗaya, waɗansu kuwa gonakin ikkilisiya suka hango. Henri na Takwas na Ingila saki yake nema, aka hana shi, a 1534 ya mai da kansa shugaban ikkilisiyar ƙasarsa, ya kwashe dukiyar gidajen masu zuhudu. A Zurik, Furotesta ne suka nutsar da Filiks Manz a kogi a 1527 saboda baftismar manya. Sulhun Augsburg na 1555 ya ce addinin mai mulki shi ne addinin ƙasarsa, Katolika ko Lutaran. Manomin da bai yarda ba sai ya sayar da kayansa ya tashi. Da Paparoma ya fitar da Sarauniya Alisabatu a 1570, kursiyinta bai motsa ba. Katolikan Ingila ne suka sha wuya, aka riƙa yi musu kallon maciya amana. Ƙasar Paparoma ta ƙare a 1870, tun 1929 kuma Batikan kaɗai yake mulki, fili mai kadada 44.

Wannan labari ya iso har ƙofar gidajenmu. A 1536 Sarki Kiristiyan na Uku na Denmak ya kama bishof-bishof na Katolika, ya mai da ƙasarsa Lutaran da doka. Shi ya sa likitan nan Niels Bronnum, da ya iso Numan daga Denmak a 1913, Lutaran ne, ikkilisiyar da ta tsiro a can ma haka. Waɗanda suka iso Garkida a 1923 kuwa daga Amurka suka zo. Kakanninsu na bangaskiya masu baftismar manya ne da suka fara a wani ƙauyen Jamus a 1708, suka haye teku domin ba su sami wurin zama lafiya a ƙarƙashin dokokin addini na masu mulkin Turai ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya daga wannan tushe ta fito.