Da'irar da Ta Riƙa Murɗe Wuyan Mutane

Jirgin lilo na wuraren shaƙatawa, wanda ke hawa da gangara a kan dogo, galibi ba shi da injin. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai ƙarfin jan ƙasa ya karɓi aiki.

Asalinsa daga Rasha ne. Tun ƙarni na 17 ake gina tuddan katako da hunturu, a kwarara musu ruwa ya daskare, mutane su riƙa sulalowa. Zuwa 1817 an yi irinsu masu ƙafafu a Paris, har yau kuma Faransawa "duwatsun Rasha" suke kiran wasan. A Amurka, LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Tsibirin Coney na New York a 1884. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, amma jama'a suka yi ta tururuwa.

Matsala ta kunno kai a 1895, da aka buɗe wani jirgin lilo mai suna Flip Flap a wannan tsibiri. Dogonsa na da cikakkiyar da'ira, faɗinta kamar mita 7 da rabi, jirgin ya juye da fasinja kai a ƙasa. Don kada ya tsaya a sama, dole ya shiga da'irar da gudun tsiya. To, abin da ke tafe miƙe ba ya son a karkatar da shi; gwargwadon gudu da matsin kwana, gwargwadon yadda kujera ke danna jiki. An ƙiyasta cewa nauyin da mutum ke ji a nan ya kai ninki 12 na nauyinsa, kuma farat ɗaya yake zuwa. Mutane suka riƙa sauka dafe da wuya. Abin takaici, shekaru aka yi ana ɗaukar fasinja a haka kafin a rufe shi.

Maganin ya zo ne daga wani injiniyan Jamus, Werner Stengel. Ya fasa da'ira, ya zana siffa kamar ɗigon ruwa a kife: kwana mai faɗi a ƙasa inda gudu ya yi yawa, mai matsi a sama inda jirgin ya riga ya lafa. Nauyin sai ya riƙa shigowa sannu a hankali. Da wannan siffa aka gina jirgin Revolution a Kalifoniya a 1976, kuma har yanzu yana ɗaukar fasinja.