Faifan Zinariya da Kwalin Kaset: Wa Ya Ƙidaya Waƙoƙin Fim a Damagaram?

Duk malamin da ya koyar a garuruwan gabas da Zinder, daga Mirya zuwa Hamdara har Gidimuni, tsakanin shekarar 1999 da 2005, ba ya bukatar a ba shi labarin yadda waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye ƙasar Damagaram. Ya ji su a tasha da teburin mai shayi da gidan biki, wani lokaci ma ya ji su a bakin ɗalibansa ana tsakiyar darasi. Waƙar fim ɗin Sangaya, wanda kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar a 1999, ta kai inda fim ɗin kansa bai kai ba, domin kallon fim sai da telebijin da bidiyo da wutar lantarki, alhali sauraren kaset ƴan batura kawai yake nema. Amma da za a tsayar da wannan malami a tambaye shi kaset nawa na Sangaya aka sayar a Damagaram, da sai ya yi shiru. Wanda ya shirya fim ɗin ma shirun zai yi, haka waɗanda suka rera waƙar, domin sana'ar ba a gina ta bisa ƙidaya ba tun asali.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne yadda matasanmu ke jin an ce mawaƙi kaza na Faransa ko Amurka ya sami faifan zinariya, wato abin da Faransawa ke kira disque d'or, sai su tambaya me ya hana namu samu. Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga waƙar fim.

Asalin faifan zinariya

A watan Fabrairu na 1942 kamfanin RCA na Amurka ya shafa wa wani faifan garmaho ruwan zinariya, ya miƙa wa makaɗi Glenn Miller, don murnar cewa wata waƙarsa da ta fito a fim ɗin Sun Valley Serenade na 1941 ta haura kwafi miliyan ɗaya. Wannan kyauta ce ta kamfani ga yaronsa, babu wani na waje da ya duba lissafin. Da kamfanoni suka ga abin yana jawo ciniki, sai kowa ya shiga shafa wa faifansa zinariya yana faɗin adadin da ya ga dama. Don a tsayar da wannan cika baki ne ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta soma bayar da shaida tata a 1958. Kundin waƙoƙi na farko da ya sami wannan shaida, a watan Yuli na shekarar, shi ne na fim ɗin Oklahoma!, wanda ya fito a 1955. Ma'aunin a lokacin shi ne cinikin dala miliyan ɗaya na Amurka a farashin sari. A 1975 aka ƙara sharaɗin kwafi 500,000, a 1976 aka kawo matakin filatinam na kwafi miliyan ɗaya, a 1999 kuma na lu'ulu'u mai kwafi miliyan goma. Ingila da Faransa sun bi sahu a 1973. A Faransa ƙungiyar SNEP ta daɗe tana neman kwafi 100,000 kafin ta ba kundi zinariya, sannan ta rage zuwa 75,000 a 2006, ta sake ragewa zuwa 50,000 a 2009, sa'ad da intanet ya karya kasuwar faifai.

Akwai wani abu a nan da yawancin masu sauraro ba su lura da shi ba. A tsarin Amurka shaidar ba ta zuwa da kanta. Kamfani ne zai nema, ya biya, ya buɗe wa masu binciken kuɗi littattafansa, su duba adadin kayan da ya aika wa ƴan sari, su debe abin da ya yi kwantai aka maido. Ke nan abin da ake shaidawa takarda ce: rasit, da takardar ɗaukar kaya, da daftarin ajiya. Kamfanin Motown, wanda ya fi kowa fitar da mawaƙa baƙar fata a shekarun 1960, ya ƙi buɗe littattafansa har zuwa ƙarshen shekarun 1970, don haka waƙoƙinsa da duniya ta sani suka yi shekaru ba su da wannan shaida.

Tsofaffin kundayen waƙoƙin fim su ne suka fi shan wannan rashi. Kundin fim ɗin South Pacific na 1958 ya yi mako 115 a matsayi na ɗaya a jerin cinikin Ingila, na The Sound of Music na 1965 kuma ya yi mako 70, amma dukansu sun ci kasuwarsu sun gama kafin ƙasar ta kafa ma'auninta a 1973. A Amurka ma, da aka kawo filatinam a 1976, da farko sababbin fitowa kaɗai ya shafa. Daga baya an buɗe wa tsofaffi ƙofa, da sharaɗin a kawo takardu. To ina takardun? Kamfanoni sun sayi juna, sun haɗe, sun rabu. RCA ta koma hannun Jamusawa a 1986, EMI ta wargaje a 2012. Kundin fim kuma sau da yawa yana da iyaye biyu, kamfanin fim da na faifai, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ya adana lissafi. A Amurka sai a 1991 aka soma ƙidaya ciniki kai tsaye daga na'urar kanti. Abin da ya gabaci wannan shekara, in takardarsa ta ɓata, ya ɓata ke nan.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ake rubuta ko sayen allura, mai karatu zai iya hasashen halin da muke ciki.

Kwali shi ne rasit

Finafinan Hausa na bidiyo sun soma da Turmin Danya a Kano a 1990, suka kuma gaji hanyar ciniki da ta riga su wanzuwa, wato ta ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai, waɗanda suka ƙware wajen gurza finafinan Indiya da na Amurka da wa'azin malamai. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana tsarin a littafinsa Signal and Noise na 2008. Mai fim zai kawo uwar kaset tare da kwalayen da ya buga a maɗaba'a. Ɗan kasuwa ne zai sayi kaset fanko, ya gurza, ya sa a kwali, ya sayar. Kuɗin mai fim yana kan kwali, kuma ba ya karɓa sai kaya sun shiga. Kwalin da bai shiga ba a maido masa abinsa. Wannan dabara ce mai kyau ga mutanen da ba su da banki ba su da jari, na kuma yi imani ba don ita ba da sana'ar ba ta tashi ba. Sai dai ta mai da kwali shi ne kaɗai abin ƙidaya. Kaset ɗin da aka gurza aka rubuta sunansa da biro, ba tare da kwali ba, bai shiga lissafin kowa ba.

Wannan fa a kan fim ɗin ne kansa. Kaset ɗin waƙoƙi ya fi haka zama maraya, domin masu fim sun ɗauke shi a matsayin talla. Akan saki waƙa tun fim bai fito ba, don ta zaga tasha da rediyo ta share masa hanya, kuma yawan gurza ta, ko da izini ko babu, murna ce ga mai fim. Mawaƙi da mai kiɗan fiyano kuwa an sallame su tun ranar da suka fito daga situdiyo. Ba su da kaso a kan kowane kwafi, don haka ba su da dalilin tambayar kwafi nawa aka yi. A Turai rigimar kaso ce ta haifi lissafi. Inda babu kaso, wa zai wahalar da kansa da daftari?

Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar kilomita ɗari biyu da ɗoriya ce, ko ta Daura da Matamaye, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Ɗan kasuwar Zinder ba ya bukatar ya cika mota da kaset. Ya ishe shi ya shigo da ƴan kwafi masu kyan sauti a cikin jaka, ya zauna a rumfarsa a kasuwar Dole ko a Zango, ya yi ta gurzawa, masu yawon kasuwannin ƙauye su sara su yi gabas da arewa. Ɗan duwan da ke kan iyaka, in ma ya rubuta wani abu, kwalin kaya ya rubuta, ba sunan waƙa ba. Nijar ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1993, ta kafa ofishin BNDA a 1995, amma aikin wannan ofishi rajistar ayyuka ne da karɓar haƙƙin masu su. Bai zama ma'aunin ciniki irin na SNEP ba, balle ga kayan da aka haifa a wata ƙasa.

Hanyar kuma ba ɗaya take bi ba. Kaset ɗin Malam Mamman Barka, ɗan yankin Tesker mai gurmi, wanda ya rasu a 2018, ya ratsa arewacin Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1980 ta irin wannan gurzawa. Waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, haka suka yaɗu. Fati Nijar ta tashi daga Maraɗi ta je Kano ta zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin finafinai, muryarta kuma ta komo gida a cikin kaset ɗin da ba wanda ya ƙirga.

Abin da rashin ya jawo

Wani zai ce, to mene ne? Waƙa ta yi daɗi, jama'a sun ji, an wuce wurin. Ni ban ga haka ba, saboda dalilai biyu da ba su yi daidai da juna a nauyi ba.

Na farko ya shafi marubuta tarihi. Inda babu adadi na gaskiya, na ƙarya ne ke zaunawa a kujerarsa. Waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda kamfanin Rogers All Stars na Onica ya fitar a 1976, an daɗe ana cewa ta sayar da kwafi miliyan 13. Adadin ya shiga jaridu da littattafai, kowa yana kwafa daga na gabansa, ba tare da wata hukumar shaida ta tsaya a bayansa ba. Mai yiwuwa ma ya gaza gaskiya, in aka haɗa da na masu gurzawa. Irin wannan ya soma shigowa cikin rubuce-rubucen ɗalibai a kan finafinan Hausa: sai ka ga an ce fim kaza ya sayar da dubu kaza, in ka bi sawu ka tarar hira ce aka yi da wani mai fim, ko dai yana kambama kansa, ko yana kukan an cuce shi. Dukansu biyu suna da dalilin lanƙwasa lamba.

Abin takaici, Bature James Richardson da ya sauka Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya bar mana farashin kayan kasuwar garin, har da na bayi. A wasu fannoni mun fi sanin cinikin Damagaram na wancan ƙarni bisa ga na shekarar 2001.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne na mawaƙan kansu. Tsofaffin waƙoƙin nan ba su mutu ba. Daga kaset sun koma faifan sidi, daga nan suka shiga memorin waya ta hannun masu turawa a bakin kasuwa, yau kuma suna kan YouTube, inda kowane kallo ake ƙirga shi, kuɗi kuma yana shiga aljihun wanda ya ɗora. A Nijeriya kamfanin TurnTable ya soma bayar da shaidar zinariya da filatinam a 2023 bisa wannan sabuwar ƙidaya. Ma'aunin ya iso ke nan, amma ya iso bayan kasuwa ta watse, kamar yadda ya faru ga South Pacific a Ingila. Matar da ta rera waƙa a 2000, aka sallame ta hannu da hannu, in ta tashi neman haƙƙi yau za a ce ta kawo takarda: wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya saya, da wane sharaɗi. Sau da yawa kwalin kaset shi ne kaɗai wurin da aka buga sunanta kusa da sunan waƙar.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin al'adu na jihar Zinder suna da aikin da ya fi shirya wani taron ƙara wa juna sani gaggawa. Gobarar da ta cinye cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Zinder da ɗakin karatunta, a tarzomar Janairu 2015, ta nuna cewa ko takardar da ke cikin gini ba ta tsira ba, balle wadda ke cikin buhu a bayan rumfa. Adadin ciniki na gaskiya ba zai komo ba. Amma akwai abin da ya rage: kwalayen kansu, masu ɗauke da sunan fim da kamfani da mawaƙa, tsofaffin fitowar mujallar Fim, wadda ta soma a 1999, da tallace-tallacenta, takardun zaɓi-sonka da masu sauraro suka riƙa aikawa gidajen rediyon Zinder, sai kuma, wanda ya fi duka daraja, littafin bashi na tsofaffin ƴan kaset. Ciniki na hannu da hannu ba ya barin sawu, amma bashi yana bari, domin ɗan kasuwa ba ya yarda da ƙwaƙwalwarsa a kan abin da ake binsa ko yake bi. Malamin da ke Hamdara ko Mirya ya fi kowane mai bincike na Yamai sanin wane dattijo ne ya taɓa riƙe rumfar kaset, ko da yau caja da murfin waya yake sayarwa.

Wanda ya sami irin wannan littafi ya ɗauki hotonsa shafi-shafi a gaban mai shi, ya kuma zauna da shi ya karanta masa, don da yawa an rubuta su ne da ajami ko da alamun da mai su kaɗai ya sani. A tambaye shi ko lambar da ke gefen suna ta kaset ce ko ta dozin. A tambaye shi kuma ko naira ce ko sefa, in kuwa sefa ce, ko da dala ya ƙirga, domin 200 a littafin ɗan kasuwar Damagaram tana iya nufin jika guda.