Muhammadu Bello Kagara da Gamin Tarihi da Almara a Gandoki

A wannan takarda za mu dubi rayuwar Malam Muhammadu Bello Kagara, mu nuna yadda zamaninsa ya sa ya haɗa tarihi da almara a littafi guda.

An haife shi a Kagara ta ƙasar Kwantagora a 1890. Yana yaro sojojin Ingila suka ci Kwantagora a 1901, sa'an nan suka ci Sakkwato a 1903. Bayan karatun allo da na ilmi, ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Kano. Daga baya ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello na Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Ya yi alƙalanci, ya riƙe sarautar Walin Katsina, ya rasu a 1971.

A 1933 Dakta R. M. East ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Gandoki da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam suna cikin littattafan da suka yi nasara. An buga Gandoki a 1934.

Littafin ya soma da tarihi na zahiri: jarumin mayaƙi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, yana gwabzawa da Turawa. Da ƙasa ta faɗi sai ya nufi gabas, ya shiga duniyar aljannu, yana cin kowane yaƙi. A ƙarshe ya komo gida ya tarar da sabon zamani, ya yi na'am da shi.

A ganinmu wannan tsari ba haɗari ba ne. Marubucin ba ya iya sauya abin da dattawa suka gani da idonsu, kuma hukumar Turawa ce mai buga littafin. Saboda haka ya faɗi shan kaye yadda ya auku, ya kai nasarar inda bindiga ba ta isa, don mutuncin jarumin ya tsira.

Ke nan wajibi ne manazarci ya karanta ɓangaren aljannun a matsayin shaidar halin da malaman wancan zamani suka shiga: suna aiki ƙarƙashin Turawa, amma ba su mance da mazajen jiya ba.