Doguwar Hanyar Zama Lokotoro a Ƙasarmu

 Wataƙila ka taɓa ɗora majinyaci bisa amalanke tun da asuba, kuka kama hanyar gidan likita. Da kuka isa, manjo ya duba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai an kai ga lokotoro a babban gari. Can kuma kuka iske mutane jingim a bakin ƙofa, ga lokotoro guda ne tak, yana ɗakin fiɗa. Ran nan ka tambayi kanka: wai mi ya sa lokotoro ya yi wuyar gani haka a Nijar? Amsar tana cikin tarihi. Gyara zama ka ji.

Zamanin Nasara

Kafin zuwan Nasara muna da masu magani namu: wanzami, maɗori, ungozoma, boka da malam. Har yau suna nan. Amma maganin asibiti tare da sojan Faransa ya shigo. Likitocin farko sojoji ne, kuma lafiyar soja da ma'aikata suka fara dubawa. A 1905 gwamnatin Nasara ta kafa aikin duba lafiyar talakawa a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Sai dai ƙasa da faɗi, likitocin Faransa kuwa ƴan kaɗan ne.

Don haka a 1918 aka buɗe makarantar likita a Dakar, cikin ƙasar Senegal. Ita kaɗai ce za ta wadatar da ƙasashen nan duka, har da tamu. Karatunta shekara huɗu ne. Wanda ya gama, ba a ba shi cikakken matsayin lokotoro ba. Mataimaki ake ce masa, daga baya aka riƙa ce masa likitan Afirka. Yana duba marasa lafiya, yana fiɗa, wani sa'i shi kaɗai ke riƙe da yanki guda, amma kullum Bature na bisansa. Ufuwet Bwanyi, wanda ya zama shugaban Kodibuwar, a nan ya gama a 1925.

To, ta yaya ɗan Nijar zai kai Dakar? Sai ya fara lakwal a garinsu, in akwai. Sai ya ci jarrabawa ya tafi babbar makaranta. Da fari ma har Wagadugu ake zuwa, kafin a buɗe irinta a Yamai. Daga nan sai wata jarrabawa ta shiga makarantar Wiliyam Ponti a Senegal, inda zai yi takara da yaran Dahome da Senegal da Kodibuwar, waɗanda lakwal ta daɗe a garuruwansu. Cikin waɗanda suka shiga Ponti ne ake tsamo masu karatun likita.

Ka duba wannan: lokacin da aka buɗe makarantar Dakar, Nijar na hannun soja tukuna, sai a 1922 aka maishe ta hannun gwamna. Bubu Hama, wanda aka sani shi ne malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga Ponti, sai a ƙarshen shekarun 1920 ya gama. Ka ga ke nan ƙofa ta buɗe tun ba mu da wanda za mu aika. Iyaye da yawa kuma suna ɓoye ɗiyansu in an zo ɗaukar ƴan lakwal, don ba su yarda da Nasara ba, ga aikin tilas da haraji sun ishe su.

Bayan mulkin kai

Ranar 3 ga Agusta 1960 muka samu mulkin kai. A lokacin mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Cikin yara ɗari da suka isa shiga lakwal, ko biyar ba su samu shiga ba. Jami'a babu. Wanda duk zai yi karatun lokotoro sai ya bar ƙasa, ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa, da kuɗin gwamnati. Manyan asibitoci kuwa baƙi ne suka fi riƙe su. Akwai Faransawa, akwai ƴan mishan irin na asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, daga baya kuma likitocin Sin suka fara zuwa a 1976.

Da rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Cikin shekarun 1960 aka fito da wata dabara, kuma a jahar Maraɗi ta fara kafuwa. Mutanen gari su zauna su zaɓi nasu, a kai shi horo na ƴan kwanaki, ya komo da akwatin magani: nibakin don zazzaɓi, asfirin, jan magani na miki, da maganin ciwon ido. Ungozoma ita ma a koya mata wanke hannu da yanke cibi da tsabta, da gane haihuwar da ya kamata a gaggauta kai wa asibiti. Tsofaffin garinku suna tune da wannan. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma Ata suka ce a kai kiwon lafiya kusa da talaka, alhali mu mun riga mun kama hanyar. Dabarar ta ceci rayuka. Amma ɗan agaji ba ya fiɗa, ba ya ƙarin jini. In haihuwa ta gardama, dole sai lokotoro.

Makaranta tamu ta kanmu

A 1971 aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. A 1974 aka buɗe makarantar ilimin lafiya cikinta. Tun daga nan ɗan Nijar ke iya zama cikakken lokotoro bai ƙetare iyaka ba. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, babban masanin nan haifaffen Tasawa.

Yanzu bari mu ƙirga shekarun tare. Shekara 6 a ƙaramar makaranta. Shekara 4 a kwaleji, a yi jarrabawar birbe. Shekara 3 a lise, a yi jarrabawar bak, kuma sai bak ta fannin lissafi da kimiyya. Sa'an nan shekara 7 ko 8 a jami'a, ana karatu ana koyon aiki a asibiti. In ka haɗa, shekara 20 ke nan ko fiye, in ba a maimaita aji ba. Mai son ya gwanance a fiɗa ko ciwon mata ko na yara, sai ya ƙara wasu shekaru. Yaron da aka sa lakwal bana, sai ƙanensa na goye ya yi aure kafin shi ya fara duba majinyata.

A kowane mataki ana zubewa kamar hatsi a buhu mai huda. Wani an fidda shi don noma ko kiwo. Wata an yi mata aure. Wani ya ci jarrabawa, amma kwaleji na wani gari, bai samu mai masauki ba. Wanda ya kai jami'a ma, shekarun farko suna tankaɗe mutane ƙwarai, don wuraren koyo da malamai ba su isa ba. Shi ya sa ɗiyan birni suka fi yawa cikin masu gamawa. Ba wai sun fi ɗiyanka ƙwaƙwalwa ba ne, makaranta ce a ƙofar gidansu.

Shekarun wahala

Cikin shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi, ga fari na 1984. Baitulmali ya yi sanyi, masu ba da bashi suka ce a rage kashe kuɗi, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ƴan makaranta masu zanga-zanga a gadar Kenedi ta Yamai, uku suka mutu. Cikin shekarun da suka biyo, yajin aiki da rashin biyan albashi suka sa wasu shekarun karatu suka tafi a banza. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, magani ya yi tsada. Sai aka ga abin mamaki: ƙauye na kukan rashin lokotoro, ga kuma matasa da takardar lokotoro a hannu suna jiran aiki. Wasu suka shiga ƙungiyoyin agaji, wasu suka buɗe nasu asibiti a birni, wasu suka tafi waje.

Jama'a kuwa ba ta jira ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5, ta 1988 miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Kamar mai gudu ne yana bin doki. Ma'aunin da ake aiki da shi ya ce lokotoro guda ga mutum 10,000. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun 2010 zuwa 2020 ya nuna ko rabin haka ba mu kai ba, kuma kaso babba na likitocin a Yamai suke zaune.

An matsa gaba duk da haka. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Bayan ƴan shekaru aka buɗe karatun lokotoro a Maraɗi da Damagaram. Hanyar da a da ta kai Dakar, yau ta tsaya a jaharka.

Naka rabon aikin

Gina asibiti, ɗaukar likitoci aiki, biyan su kan kari, da aika su inda jama'a take, wannan nauyin hukuma ne, kuma hakkinka ne ka tambaye ta. Amma akwai abin da hukuma ba ta iya yi maka. Ba a ɗaukar kowa makarantar lokotoro sai wanda ya fara daga aji ɗaya bai yanke ba. Wannan ƙofa ta farko a hannunka take.

Ka tuna matarka ko ƙanwarka da ta ɓoye ciwonta don kunyar namiji ya duba ta. Likita mace da kake so ta duba ta, ɗiyar wani ce da ubanta ya bar ta ta yi karatu. Lokotoron da zai ji Hausarka ba da tafinta ba, ya san hanyar garinku da damina, ya yarda ya zauna cikinku, ya fi sauƙin fitowa daga cikin ɗiyanku.

Kai da ka zauna bisa tabarma da furfurarka ka koyi baƙi, ka san daɗin karatu. In kun taru a ajin yaƙi da jahilci, ku ƙirga: yara nawa na garinku suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce? Nawa suka kai kwaleji? Sauran ina suke, kuma mi ya fidda su? Daga wannan lissafi za ku san ko garinku zai haifi lokotoro.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.