Fayil ɗaya da ya hana wasana tashi: tarihin SDL

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da kunyar da na sha.

Ina aji uku a jami'a na rubuta wani ɗan wasan kwamfuta, na zuba a filashi na kai wa abokina ina taƙama. Ya danna, Windows ta ce babu SDL2.dll. Wallahi a tawa kwamfutar lafiya lau yake tashi.

To mene ne SDL ɗin? Laburare ne da Sam Lantinga ya fitar a 1998, da yaren C. Kai dai ka ce a buɗe taga, a kunna sauti, a saurari kibod, shi zai san yadda zai gaya wa Windows ko Linux ko Mac. Lantinga ya yi aiki a Loki, kamfanin Amurka da ke mayar da wasannin Windows su tashi a Linux, kuma da SDL suka riƙa yin aikin. Loki ya durƙushe a 2002, laburaren ya ci gaba da rayuwa saboda a buɗe yake ga kowa.

Rubutun iri ɗaya ne a ko'ina, wajen ɗaure shi da laburaren ne ake shan wuya. Windows na neman .dll, Linux .so, Mac .dylib. Hanya biyu ce: ko laburaren ya zauna a fayil ɗinsa daban a nemo shi lokacin tashi, ko a dunƙule shi cikin wasan gaba ɗaya. Ni ta farko na bi, na bar fayil ɗin a gida.

Abin da ya fi jan hankalina, har da hannun lasisi a zaɓin nan. SDL na farko yana ƙarƙashin LGPL, wanda ya sa duk mai rufe rubutunsa yake raba laburaren daban, don dunƙulewa na zuwa da sharuɗɗa. Da SDL 2.0 ya fito a Agustan 2013, Lantinga yana Valve lokacin, sai aka koma lasisin zlib. Dunƙule abinka ka sayar, ba mai tuhumarka. A ganina wannan sauyin ya fi duk sabbin fasahohin da aka ƙara amfani ga mai aiki shi kaɗai a ɗakinsa.

SDL 3 ya fito a Janairun 2025, a kan zlib ɗin dai. Yaran da nake koya wa ranar Asabar da shi muka fara, kuma kafin kowa ya zana ko da ɗigo, sai ya gwada aikinsa a kwamfutar na kusa da shi.