Farin Wardi da Furen Lalle: Tarihin Ƙamshi a Tsakar Gidajen Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Funtuwa, ko Bakori, ko Ƙafur, ko Malumfashi, ya san wani ƙamshi da ke tasowa bayan sallar magariba daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina. Daga bayan ɗakin kaka yake fitowa, kusa da makwararar ruwa, inda wata 'yar bishiya take tsaye an kare ta da darni saboda awaki. Lalle ne ya yi fure. Furannin ƙanana ne, farare masu ratsin ruwan madara, a cunkushe a kan reshe ɗaya, amma in iska ta kaɗa sai maƙwabta sun san an yi.

A yau idan ɗayanmu ya gina sabon gida ya bar 'yar kusurwa don shuka, yakan tsaya wajen masu sayar da fulawa a bakin titin Zariya ko Kaduna ya tambayi farin wardi mai ƙamshi. Wannan sha'awa ce mai kyau, kuma wardin yana iya rayuwa a ƙasarmu. Sai dai kafin mu haƙa masa rami, ya kamata mu san ta inda ya biyo ya iso mana, da wanda ya tarar a gidan.

Ƙamshi ya riga itace zuwa

Kakanninmu sun san wardi a hanci tun kafin su gan shi da ido. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, kuma a cikin kwalba ta iso, a bayan raƙuman fataken da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya shiga Kano a farkon 1851. Da yake lissafa kayan da ake shigowa da su kasuwar Kano, ya ambaci jawul da kanumfari, sannan ya ware man wardi daban. Ya nuna cewa ana kawo shi da yawa kowace shekara, yana da tsada, kuma kaɗan ne ke kaiwa rumfar kasuwa, don sarakuna da manyan gari ake kai wa har gida.

Tsadar tana da dalili. Sai an tara tan uku zuwa huɗu na furen wardi, an tsinke shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, sannan a samu kilo ɗaya na mansa. Talakan Maska ko Gozaki da ke noman auduga yana saƙa da rini, ba shi da hanyar mallakar irin wannan.

Hanya ta biyu ita ce ta aikin hajji. A kan duwatsun Ɗa'ifa ana noman wani wardi mai launin hoda wanda ake tatsar ruwansa da mansa, kuma da ruwan wardi gauraye da zamzam ake wanke ɗakin Ka'aba. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, har alhazan Nijeriya suka haura dubu ɗari a 1977, sai 'yar kwalbar turare ta zama tsarabar da ake rabawa tare da dabino da bagaruwa da tasbaha. Ƙamshin da a zamanin Barth sai fada, ya shiga ɗakin kowace hajiya. Amma har a lokacin, yawancinmu ba mu taɓa ganin itacen ba.

Wanda ya tarar a gida

Lalle kuwa ya daɗe da zama ɗan gida. Masana harshe suna danganta sunansa da harshen Buzaye, abin da ke nuna shi ma ta arewa ya shigo, amma ya zauna har ya shiga al'adar aurenmu ya yi kaka-gida. Sa lalle da wankan lalle ba sai an yi wa Bahaushe bayaninsu ba. Baba ta Karo, dattijuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi ta komawa kan lalle duk inda zancen aure ya taso. Giwa kuwa nan ce kusa da mu a kan hanyar Zariya, don haka abin da ta bayyana bai yi nisa da na iyayenmu mata ba: a daka ganye, a kwaɓa, a ƙunsa ƙafa, a zura hannu cikin zunguru a kwana da shi.

Wannan duk aikin ganye ne. Sinadarin da ke rina fata ja a cikin ganyen yake. Furen kuwa ba ya rini, ba a sayar da shi a mudu, ba a kai shi gidan biki. Ga wani abu da ba mu cika lura da shi ba: wanda ya shuka lalle a garka don sayarwa yana yawan yanke shi, domin sabon toho shi ne mai ganye, kuma itacen da ake yankewa a kai a kai ba ya samun sararin yin fure. Na tsakar gida, wanda ake tsinkar ganyensa kaɗan-kaɗan in sallah ta zo ko biki ya taso, shi ake bari ya yi tsawo ya fi mutum, ya yi fure ya cika gida. Ƙamshin lalle rabon wanda bai matsa wa itacen ba ne.

Wasu al'ummomin sun girmama wannan fure fiye da mu. Larabawa sun ba shi suna nasa na kansa, fagiya. A Indiya ana tatsar turare daga gare shi. Masu binciken sinadarai kuma sun gano cewa ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba furen lalle ƙamshinsa yana nan a cikin wardi. Ashe abin da sarakuna ke saye da tsada daga Tarabulus, yana da ɗan'uwa a bayan ɗakin kowace tsohuwa.

Farin da aka ba daraja

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, farin da ya dame su a kudancin masarautar shi ne na auduga. Masaƙun Lancashire a Ingila suna neman kaɗa, ƙungiyar BCGA da aka kafa a Manchester a 1902 tana neman inda za ta same ta, ƙasar laka ta Funtuwa da Malumfashi kuwa ta daɗe da sanin wannan noma. A 1912 aka shigo da irin Allen na Amurka. A shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Gidajen gurza suka tashi a Funtuwa da Malumfashi. Funtuwa da ke ƙaramin gari a ƙasar Maska ta cika da baƙi, har ta shafe uwarta.

Tun daga nan ake auna ƙasarmu da sikeli. A 1975 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Takin zamani ya yawaita, masara ta fito daga bayan gida ta mamaye gonaki, aka koma lissafi da buhu. Malaman gona sun zaga ƙauyuka, cibiyar bincike ta Samaru ta fitar da iri bayan iri, kuma mun amfana. Amma duk wannan hidima a bakin zaure take tsayawa. Abin da ke cikin gida, wato zogale da rama da barkono da tafasa da lalle, ya kasance hurumin mata, babu mai ƙidaya shi, babu mai ba shi bashin taki. Shi ya sa in muka je neman tarihin ƙamshi a takardun gwamnati za mu dawo da tarihin auduga.

A wannan zamani ne kuma shukar ado ta shigo. Jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni da na jirgin ƙasa sun kewaye gidajensu da furanni, suka ɗauki mutanenmu aikin ban ruwa. Daga nan muka samu kalmomin fulawa da gadina. Darbejiya, 'yar asalin Indiya da aka fara dasawa a Borno a 1928, ta bazu har ta zama inuwar kowace makaranta, ita ma da nata farin furen mai ƙamshi a bazara. Wardi kuwa ya fi jin daɗin Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200 kuma sanyi bai yankewa. A wajenmu an daɗe ana kallonsa a matsayin kayan unguwar Turawa, daga baya na manyan ma'aikatan da suka gaje su.

Asalin baƙon da halinsa

Farin wardi iri-iri ne, kuma sanin wannan yana hana asara. Tsohon nau'in Turai, wanda gidan sarautar York ya riƙe a matsayin tambari lokacin yaƙin neman gadon mulkin Ingila daga 1455 zuwa 1485, sau ɗaya yake fure a shekara, kuma sai ya sha sanyin hunturu irin nasu. Haka ma Madame Hardy da aka samar a Faransa a 1832, duk da ƙarfin ƙamshinsa. Irin waɗannan ba su dace da mu ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne wardin Sin da aka kai Turai a ƙarshen ƙarni na 18, mai yin fure a kai a kai kuma mai jure ɗumi. Daga barbararsa da na Turai aka samu irin su Madame Alfred Carrière a 1879, fari mai hawa katanga, mai ƙamshi. Sai kuma Iceberg da aka fitar a Jamus a 1958, wanda ya zagaye duniya saboda yawan furensa, amma ƙamshinsa kaɗan ne.

Mai sayar da dashe a bakin titi ba lallai ya san waɗannan sunaye ba. Don haka kada mu saya sai mun ga fure a jiki mun sunsuna, gani ya kori ji.

Funtuwa tana da abin da ke taimaka wa wardi. Tana kan tudun da ya kai kimanin mita 700, ruwan samanta ya fi na birnin Katsina, sanyin hunturunta kuwa sananne ne. A watannin sanyin nan wardi ya fi yin fure mai kyau in yana samun ban ruwa. Abokan gabarsa huɗu ne: zafin Maris da Afrilu, gara, awaki, da lakar da ke riƙe ruwa a watan Agusta har saiwa ta ruɓe, ganye ya yi baƙaƙen ɗigo. Maganinsu shi ne a zaɓi wurin da ke samun hantsi ya kuma samu inuwa bayan azahar, a haƙa rami a gauraya ƙasar da yashi da takin da ya riga ya ruɓe, don ɗanyen taki gara yake kira. A zuba ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye. A rufe gindin da ƙaiƙayi in bazara ta matso, a riƙa duba gara. A yanke furen da ya bushe don wani ya fito. Ana kuma iya yaɗa shi da reshe mai kaurin fensir, a dasa a inuwa a farkon damina. Ƙaya dai sai an sha ta, ba a shan zuma sai da harbi.

Lalle ma da reshe ake dasa shi, amma in ya kama ba ya neman komai. Ruwan alwala da na wanke-wanke sun ishe shi, rani kuma ba ya kashe shi.

Abin da ke salwanta

Duk da wannan sauƙi nasa, lalle yana ɓacewa daga gidajenmu. Filaye sun yi tsada, an yanka gidan gado gida uku, an malale tsakar gida da siminti, ruwan wanka ya koma bin bututu. Amare sun koma ga zanen baƙin dayis, wanda a cikinsa akwai sinadarin rina gashi da likitocin fata suka daɗe suna gargaɗi a kansa saboda ƙuna da ƙuraje. Garin lallen da ake saye a leda kuwa bai zo da fure ba. Akwai kuma ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara da rashin tsaro ya tasa. Matan da suka baro su suka shigo gari suna zaman haya a ɗaki ɗaya, lallen da suka gada daga uwayen mazajensu yana can yana fure a kufai.

Yaran da muke haifa yanzu sun san wardi a hoton waya da katin ɗaurin aure, amma da yawansu ba su taɓa sanin lalle yana fure ba. Ba su da laifi, mu ne muka sare itacen.

Wanda Allah ya hore wa kusurwa a gidansa, ya dasa farin wardinsa, ya yi masa hidimar da ake yi wa baƙo. Amma kafin mai siminti ya gama aiki, a bar taku biyu kusa da inda ake alwala. A je wajen wata tsohuwa a Maska ko Gozaki ko cikin garin Malumfashi a roƙi reshe, ba za ta karɓi kuɗi ba. A dasa shi da ruwan farko, a kare shi daga awaki, in ya girma kuma kada a yi saurin yanke shi.